Saksofon cikin masu goge huɗu: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk saurayin da ya zo mini da saksofon yana so in haɗa shi da masu goge huɗu, wato bayolin biyu da biyola da celo, na san abin da zai yi tun kafin ya buɗe akwati. Danne su zai yi. Yawancin masu busa saksofon a Kaduna a coci suka koya, ko a bandin soja da na 'yan sanda, inda sai ka ɗaga sauti kafin a ji ka a kan ganga da jita. Shi kansa Adolphe Sax, ɗan Beljiyam ɗin da ya yi wa saksofon rajista a Faris a 1846, bandin soja yana cikin abin da ya nufa da shi. To amma a kiɗan mutum biyar babu ganga, babu lasifika. Saksofon ɗaya, in ya saki jiki, zai haɗiye gogen nan huɗu, ka ga hannun mai biyola yana kai da komo amma ba ka jin komai.

Rabin matsalar a bakin busa take. Yaro ya sayo bakin ƙarfe irin na masu jaz, ya ɗaura masa rid (siririn karan da ke karkarwa ya fitar da sauti) mai laushi, sannan ya rantse mini da ƙaramar murya yake busawa. Wace ƙaramar murya? Kamar mai algaita ne a gaban sarki. Ni ba na barin kowa ya zauna da mu sai da baƙin bakin roba mai ƙaramar ƙofa, irin Selmer C*, da rid lamba 3. Wasu malamai za su ce na cika tsauri, su suka sani. Sannan kowace safiya minti 10 na dogon sauti guda, a hankali har ya kusa ɓacewa, musamman can ƙasa wajen muryoyin B da C inda saksofon ke ƙin yin laushi. Ka nemi faifan Marcel Mule, wanda ya fara koyarwa a makarantar kiɗa ta Faris a 1942, ka ji yadda ake busa saksofon samfurin alto ba tare da tsawa ba. Ƙa'idata guda ce: in ba ka jin biyola, ka yi yawa.

Kuskure na biyu shi ne wajen saita murya, kuma shi ne ya taɓa ja mini asara. Wata liyafa a Barnawa cikin Disamba, hunturu ya kankama. Mai busa mana ya iso a kan babur da saksofon mai sanyi ƙarara, ya ciro shi, ya saita da A ɗin mai bayolin nan take. Ƙarfe mai sanyi muryarsa ƙasa take, sai ya tura bakin ciki sosai. Ana cikin kiɗa numfashinsa ya ɗumama ƙarfen, murya ta haye sama. Su kuma masu goge, busasshiyar iska ta sa turakun tsirkiyarsu sun saki, suna gangarawa ƙasa. Mutanen da ba su san komai a kiɗa ba ma sai da suka yamutsa fuska. Rabin kuɗi aka ba mu, kuma ba a sake kiranmu ba. Haba samari! Me zai rage ku in kun iso da wuri, kun hura iska a ciki na minti 5 kafin ku saita? Ku sake saitawa bayan kashi na farko, babu abin kunya a ciki. Kuma ku san halin kayanku: a alto, D na tsakiya kan hau sama, C# ɗin da ake busawa yatsu a sake kuma kan faɗi ƙasa. Mai goge da yatsa yake gyara nasa, kai da leɓe da maƙogwaro za ka bi shi.

Hunturun nan dai shi ke lanƙwasa rid, don haka a jiƙa shi da ruwa kafin a fara. Kada kuma a bar celo a bayan mota da rana, katako ne, tsagewa yake yi.

Sauran ƙanana ne. Alto a E♭ yake, in ka miƙa masa takardar bayolin yadda take, C ɗinsa E♭ ne a kunnen sauran, sai an juya masa rubutun. Mai tsara kiɗa ya tuna izga ba ta numfashi amma mai busa yana yi, a sa alamar shan iska da fensir, masu goge ma su rubuta a tasu takardar. Karkarwar sauti a rage ta, ta yi daidai da ta bayolin na farko. Ni nakan zaunar da mai saksofon kusa da biyola, ƙahon yana kallon gefe. In kuna neman abin da aka rubuta musamman don wannan haɗi, Adolf Busch ya yi ɗaya a 1925, na alto da goge huɗu. Ku fara da shi kafin ku taɓa na Mozart ko Brahms, waɗanda asali don kilarinet aka yi su.