Yadda ake lissafi da tara kuɗin fitilun ado na layin kasuwa

Shekarun baya 'yan layinmu suka ɗora mini sakataren kwamitin fitila. Muka yi karo-karo, muka kafa turakun fitilar sola 18 masu kan tulu irin na gaban otal, aka yi walima, aka ɗauki hotuna. Watan farko har masu shayi da mai tsire suka dawo bakin layin saboda haske. Da zafin bazara ya wuce, fitilun suka fara mutuwa da ƙarfe ɗaya na dare, daga baya sha ɗaya, daga baya ko isha'i ba sa kaiwa. Muka duba asusu, babu ko sisi, domin duk abin da muka tara mun zuba shi a sayen kaya. Tun daga nan na ga kwamitoci da dama sun faɗa ramin da muka faɗa, shi ya sa na rubuta wannan. Ba zan tsaya kan yadda ake kafa kwamiti ko buɗe asusun banki ba, kowa ya san wannan.

Abu na farko, ku auna layin da ƙafarku kafin ku je wurin mai sayar da kaya. Fitilar masu tafiya a ƙasa daban take da ta babban titi. Ta titi tana kai tsawon mita 8 zuwa 12, aikinta ta haska wa direba kwalta. Ta bakin shaguna mita 4 da rabi zuwa 6 ta isa, aikinta ka ga fuskar mai tahowa, ka ga bakin kwata, ka ga canjin da aka miƙo maka. Tazarar da ke tsakanin turke da turke kuwa kada ta wuce ninki uku na tsawon turken. Turke mai mita 5 ke nan duk bayan mita 15 a kafa wani, layi mai mita 300 zai ci turaku wajen 20. Idan wani a kwamiti ya ce a rage zuwa goma don a yi tsimi, ku ce masa gara a haska rabin layi da kyau bana, a ƙarasa baɗi. Haske nan, duhu can, ya fi duhu zalla wahalar da ido, kuma a cikin wannan duhun na tsakani ɓarawon waya yake laɓewa.

Launin haske ma a nan ake yanke shi. Ni dai ba na yarda da farin nan fat mai shuɗi-shuɗi a layin kasuwa. Ku nemi mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta 3000K a kwalinsa. Atamfa da kayan miya da fuskar mutum duk sun fi kyau a ƙarƙashinsa, kuma ba ya kashe ido.

Na biyu, wutar Nefa ko sola? Ku yi lissafi a takarda, kada ku bi yayi. Fitila mai wat 30, guda 20, awa 12 kowane dare, a wata za ta sha yunit 216. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, daga wajen ₦68 zuwa ₦225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen ₦210. Da wannan farashin, kuɗin wutar layin duka bai fi ₦45,000 da 'yan kai a wata ba. Ba shi da yawa idan an raba wa shaguna sittin. Matsalar ita ce haƙa rami a binne waya, da sayen mita, da kuma abin da kowa ya sani: ranar da aka ɗauke wuta layin ya koma gidan jiya. Wayar tagulla da aka binne kuma 'yan jari-bola ba sa barin ta ta kwana lafiya. Janareto kam ku cire shi daga lissafi, kuɗin man gas zai cinye kwamitin cikin wata uku. Idan layinku ba ya rukunin A, sola ce, babu wata doguwar muhawara.

Yanzu ga inda muka karye, a nan zan daɗe.

Mai kaya zai ɗauko muku fitilar nan da aka haɗa komai wuri guda, kwali ya ce wat 500, wani ma 1,000. Ku juya ta ku dubi farantin solar da ke bayanta. Namu bai fi tiren shayi girma ba. Faranti mai wat 100 na gaskiya tsawonsa ya kai wajen mita ɗaya, faɗinsa ya ɗara rabin mita. Wanda bai fi tire ba, komai ƙarfin rana ba zai tara wutar da za ta kai asuba ba. Lambar da ke jikin kwali ado ce kawai, ni na daina ko karanta ta. Tambaya uku ake yi: wat nawa fitilar ke ci da gaske, wat nawa ne farantin, kuma batirin nawa yake ɗauka.

Lissafin ba shi da wuya. Wat 30 sau awa 12 ya ba da 360, wannan shi ne cin dare ɗaya. A Arewa rana mai ƙarfi da za ka dogara da ita wajen awa biyar ce zuwa shida a yini, kuma hazon hunturu yana rage ta, ƙura ma tana kwanciya a kan gilashin. Saboda haka faranti kada ya gaza wat 100, ni 120 nake sa wa a takardar oda. Batiri kuma ya iya riƙe dare biyu ko da hadarin Agusta ya rufe rana, wato 720. Batirin litiyam mai bolt 12.8 da 60Ah, idan ka ninka lambobin biyu, yana ba da 768, ya wadatar. Idan na'urar sarrafa cajin tana iya rage haske zuwa rabi bayan sha biyun dare, kun sami sauƙi, ku sa a saita ta haka tun a ƙasa.

Irin batirin shi ne ya kashe mu. An sa mana batirin jel, aka kulle shi a akwatin ƙarfe a jikin turke, rana tana dukansa tun safe. Irin wannan batirin, duk ƙarin zafi na digiri 10 a kan 25 yana rage kwanansa da kusan rabi, ga shi a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40. Ranar da muka buɗe akwati na farko mun tarar da shi ya kumbura kamar burodi, murfin ma da ƙyar ya buɗu. Ku nace a kan litiyam wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, kuma ku sa a kwance fitila ɗaya a gabanku ku gani da idonku. Akwai masu cika ciki da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta su liƙa sabuwar takarda. Mai kayan da ya ƙi a buɗe, ku bar masa kayansa. Araha ba ta ado.

Duk da haka litiyam ɗin ma yana da ajali. Ni shekara huɗu nake yi masa lissafi, idan ya wuce haka riba ce. To wa zai saya idan ranar ta zo? Wannan tambayar ce ba mu yi wa kanmu ba, kuma ita ya kamata a amsa tun kafin a haƙa ramin farko, tun ran gini tun ran zane. Ku tambayi farashin batiri ɗaya a yau, ku ninka da yawan turaku, ku raba da wata 48, ku sake rabawa da yawan shaguna. A ƙaddara batiri ₦100,000 ne, misali kawai na bayar, ku nemi farashin ranarku. Turaku 20 miliyan biyu ke nan, a wata wajen ₦42,000, shaguna 60 kowa ₦700. Ku lura, ya yi kusan daidai da kuɗin wutar Nefa da muka lissafa a sama. Wanda ya ce muku sola kyauta ce bayan an kafa, bai taɓa sayen batiri ba. A kan wannan ku ƙara ladan yaron da zai hau tsani ya goge farantai, sau biyu a wata lokacin hunturu, da ɗan abin da za a ba mai gadi.

Kuɗin nan asusunsa daban, mutum uku ke sa hannu, kuma ba a ranta wa kowa, ko da shugaban kasuwa ne zai aurar da 'ya. Duk wata shida a sake duba adadin. Kayan sola da dala ake shigo da su, kuma mun ga yadda dala ta tashi daga wajen ₦460 a tsakiyar 2023 ta haura ₦1,500 a farkon 2024. Wanda ya tsaya a kan tsohon lissafi a lokacin, rabin batiran ma ba zai iya saye ba.

Sai maganar inda kuɗin kafawa zai fito. Karo-karon ganin dama ba ya aiki, mutum goma ne za su biya, hamsin su sha haske. Wannan ba halinmu ba ne mu kaɗai. A Toronto ta ƙasar Kanada, 'yan kasuwar unguwar Bloor West Village sun gaji da bin shago-shago suna roƙo, suka nemi hukuma ta ɗora wa kowane mai kasuwanci a yankin wani ƙarin haraji, ta karɓa ta miƙa wa ƙungiyarsu. A 1970 aka fara, kuma cikin abin da suka soma yi da kuɗin har da rataya fitilu a bishiyoyin titin. Daga can tsarin ya bazu zuwa Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu. Mu a nan abin da ya yi kama da shi shi ne a haɗa kuɗin fitila da kuɗin gadi da shara wanda dama kowa ya saba biya, rasit ɗaya, mai karɓa ɗaya. Rabon kuwa da faɗin fuskar shago ake yi. Mai ƙofa uku ya biya uku. Mai tebur da mai shayi su ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a mako, don su ma su ji da haƙƙinsu a ciki, su ne kuma ke wurin da dare idan wani ya zo da sifana.

Banki ko gidan mai ko kantin magani da ke bakin layin, kada ku je musu da "a taimaka". Ku je da takarda: turke kaza, kuɗinsa kaza, za mu rataya sunanku a jiki shekara biyu. Manaja yana iya kai wannan gaban na sama da shi, roƙo kuwa a aljihun tebur yake ƙarewa. Sai dai ku fara tambayar hukumar da ke kula da allunan talla a jiharku, kada a zo a cire a kuma ci ku tara. Akwai kuma bayin Allah da za su ɗauki turke ɗaya ko biyu sadaka ga iyayensu da suka rasu, musamman na kusa da masallaci. Irin waɗannan ku faɗa musu gaskiya cewa akwai batiri a gaba, da yawa za su haɗa da shi.

Ɗan majalisa fa? Ku rubuta masa, ba laifi, kuɗin jama'a ne. Ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi ta ƙirga ayyukan fitilun titi 1,477 da aka cusa a kasafin tarayya na 2025, kuɗinsu ya haura naira biliyan 393. Kuɗin ayyuka 1,477 ne, ba na turaku 1,477 ba kamar yadda wasu suka yi ta yaɗawa, amma dai ya nuna akwai kuɗi a wannan harkar. Abin da na gani shi ne ɗan kwangila yana zuwa da irin kayan da ya ga dama, ya kafa inda aka nuna masa, a liƙa hoton mai gida, shi ke nan. Ba na jiran wani ya dawo canza batiri. Idan Allah Ya sa aka kawo muku, ku karɓa, ku buɗe ɗaya ku ga abin da ke ciki, ku shigar da su lissafin asusun gyara kamar ku kuka saya.

Izini kada ku raina shi. Hukumar tsara birane ake nema, a Kano KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA, idan kuma titin na tarayya ne sai ofishin ma'aikatar ayyuka ta tarayya da ke jihar. Ku shigar da takarda da ɗan zanen inda turaku za su tsaya, ku ajiye kwafi mai hatimi. Ku sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin.

Wajen ba da aiki, farashi uku daga mutum uku, kowanne a rarrabe: turke, kan fitila, faranti, batiri, kankare, kuɗin aiki, da harajin VAT na kashi 7.5. Wanda ya ba ku dunƙulallen farashi yana ɓoye wani abu. Adon turke, wato lanƙwasar ƙarfe da kan tulu, mai walda na gari zai yi muku shi da sauƙi fiye da na kanti, ku dai tabbatar bututun mai kauri ne kuma an shafa jan fenti na hana tsatsa kafin baƙi. Kan fitila ya zama IP65 ko sama, saboda ruwa da ƙura. Kada a biya duka. Ni kashi 10 nake riƙewa sai fitilun sun ga damina ɗaya, kuma garantin batiri a rubuce, da sa hannu.

Ramin gindi ya kusa mita ɗaya, kankare da rodi, a bar shi ya sha ruwa mako guda kafin a ɗora turke, iskar farkon damina ba ta wasa da turke mai faranti a ka. Faranti ya kalli kudu, a ɗan karkace, kada a ajiye shi a kwance ƙura ta taru, kuma a duba inuwar bene da ta darbejiya da ƙarfe uku na yamma, ba da hantsi kaɗai ba. Batiri a sama can kusa da faranti, a inuwarsa, notuna kuma a ɗiga musu walda. Ku rubuta wa kowane turke lamba da fenti, ku ba mai gadi littafi ya riƙa rubuta wadda ta mutu da ƙarfe nawa ta mutu. Mako biyun farko wani daga kwamiti ya zagaya layin bayan sallar asuba, duk fitilar da ya tarar a kashe a kira mai aikin tun kuɗinsa na hannunku.