Yadda ake karanta itace, ƙwari da tsuntsaye a zanen Suriyalizim

Suriyalizim salon zane ne da ya samo asali a Paris, inda marubuci André Breton ya fitar da sanarwar manufofin salon a 1924. Masu wannan salo suna zana abin duniya yadda yake zuwa a mafarki. To, ta ina za ka fara idan ka tsaya gaban irin wannan zane?

Da farko, lissafa abin da idonka ya gani kafin ka nemi ma'ana. Ɗauki zanen Salvador Dalí na 1931, mai agogunan da suka narke, wanda ke gidan adana zane na MoMA a New York. Akwai busasshen itacen zaitun, akwai tururuwa sun yi dandazo a kan wani agogo, can nesa kuma ga duwatsu a bakin teku.

Na biyu, nemo abin da ya bar muhallinsa. Agogo ƙarfe ne, ga shi ya yi laushi yana rataye a reshe. Tururuwa kuma me ta samu a jikin ƙarfe?

Na uku, kuma a nan aikin yake, bincika rayuwar mai zanen. Duwatsun nan ba ƙage ba ne, na Cap de Creus ne a Kataloniya ta ƙasar Sifen, yankin da Dalí ya tashi. Tururuwa a wurinsa alamar ruɓewa ce, domin ya ce yana yaro ya ga sun rufe wani jemage suna ci. Max Ernst, Bajamushe, shi daji ne da tsuntsu suka dame shi. Akunsa ya mutu a daidai lokacin da aka haifi ƙanwarsa, daga baya ya ƙirƙiro tsuntsun da ya kira Loplop yana wakiltar kansa da shi. Dazuzzukansa ma da dabara ya same su: a 1925 ya fara shimfiɗa takarda a kan katakon daɓe yana goga fensir, zanen jikin katakon ya fito kamar kurmi.

Sai ka kiyaye, kada ka ɗauki abin kamar littafin fassarar mafarki, inda kowace dabba ke da ma'ana guda. Tsuntsun Ernst daban, na René Magritte daban. Magritte, ɗan Beljiyam, bai ma yarda a kira abubuwan zanensa alamomi ba. Tuffar da ta rufe fuskar mutum a zanensa na 1964, aikinta ta hana ka ganin fuskar, kai kuma ka matsu ka gani.