Darasi na 7: Idan Batirin Mota Ya Fara Yoyo

Wani ɗalibinmu mai jigilar fasinja tsakanin Kwangila da Samaru a Zariya ya zo aji ransa a ɓace. Ya sayi sabon batir a Sabon Gari. Ko wata biyu ba a yi ba, ya buɗe bonet ya tarar gindin batirin a jiƙe, ga farin gari kamar gishiri ya taru a kawunansa. Rigar da ya goge hannu da ita kuwa, ba a jima ba ta huhhuje kamar gara ta ci. Da ya mayar da batirin, mai shago ya ce, "Malam, ai motarka ce ta dafa shi."

Kafin mu je ga gardama, mu fara da lafiyar jiki. Ruwan da ke cikin batir asid ne da aka sirka da ruwa. Yana ƙona fata, yana cin ƙarfe, yana makanta ido. Kashe mota, ka sa safar hannu ta roba, ko ka ɗaura leda mai kauri. Kada a kunna ashana ko taba a kusa, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Fara kwance kan da ke da alamar ragewa (–), sannan mai alamar tarawa (+). Wajen ɗaurawa kuma, mai alamar ragewa shi ne na ƙarshe. Inda ruwan ya zuba, jiƙa kanwa ka zuba a kai. Za ka ga yana kumfa. Idan kumfar ta daina, ka ɗauraye da ruwa. In ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti. Kada a tsaya neman wani magani a gida.

To, laifin wa ne? Batirin mota yana da ɗaki 6, kowanne na ba da wuta kamar bolt 2, jimla 12. Idan inji na aiki, altaneta, wato ƙaramin janaretan da ke jikin injin, ita ce ke cajinsa, kuma mitar auna wuta ya kamata ta nuna wajen bolt 14. In ta haura 15, cajin ya yi yawa, ruwan zai tafasa ya yi ambaliya ta saman, har gefen batirin ya kumbura. Wannan laifin mota ne. Haka in ba a ɗaure batirin da ƙarfensa ba, ramukan hanya suka yi ta jijjiga shi har ya tsage, ko aka cika masa ruwa fiye da layi. Amma in cajin daidai yake, ɗaurin ma lafiya, babu alamar bugu, sai ga ruwa na tsattsafowa daga inda aka liƙe murfin, to daga kamfani ya zo da aibinsa.

Shi ya sa nake roƙon ku, kada ku tafi shago da zafin rai kawai. Ku fara biyawa wajen mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya ɗora mita, ku ɗauki hoton lambar da ta nuna da wayarku. Kada a buɗe batirin, kada a liƙe shi da gam, domin da zarar an taɓa shi garanti ya tashi.

Nan ne amfanin karatunmu yake fitowa. Ɗalibin namu an ce masa garantin wata shida ne, amma da baki. Da muka duba rasit ɗin tare, kuɗi kawai aka rubuta, babu lambar batir, babu maganar garanti. Ranar saye ake gyara wannan. Ka ce, "Alhaji, don Allah a rubuta mini kwanan wata, da lambar batirin, da tsawon garantin, a buga hatimi." Ka karanta da kanka kafin ka bar shagon. Ba rashin yarda ba ne, ɗan Adam yana mantuwa.

In mai shago ya ƙi sauraro duk da hujja, a kai magana gaban shugabannin 'yan kasuwar, su kan sasanta. In abin ya faskara, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma tana karɓar ƙorafi a kan kaya masu aibi. Su ma rasit za su fara tambaya.

Aikin gida: ɗauko rasit ɗin wani abu da ka saya. Kwafe kwanan watan da sunan kayan a littafinka, sannan ka rubuta abin da ya kamata a ce an sa a ciki amma babu. Ka zo da shi darasi na gaba.