Idan injin wanki ya fara yoyo a gidan haya a Ingila

Wanda ya taso a Kano ko Zariya ya saba da wanki a tsakar gida, inda ruwan da ya zuba yake bin kwata ya tafi abinsa. A Ingila galibi injin wanki a kicin yake, an cusa shi ƙarƙashin kanta, kuma daɓen gidaje da yawa na katako ne, don haka ruwan da ya kwana a ƙarƙashin inji yakan ratsa katakon ya ɓullo ta silin ɗin maƙwabcin da ke ƙasa. Hakan ta faru da mu a shekararmu ta farko, inda dattijuwar da ke zaune a hawan ƙasa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da sassafe, ta kai ni ta nuna mini tabon ruwa a saman ɗakinta, alhali mu ko ɗigo ba mu gani ba.

Da zarar kun ga ruwa, ku kashe injin, ku zare fulogi daga soket da busasshen hannu, domin wutar ƙasar bolt 230 ce. Sannan ku rufe ƙaramin famfon da ke ba injin ruwa, wanda yawanci shuɗin kai gare shi, yana bayan injin ko ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Idan ya cije, ku rufe babban makullin ruwan gidan, wanda ya kamata tun ranar karɓar makulli ku nemi a nuna muku inda yake.

Gano inda ruwan ke fitowa shi ne rabin gyaran. Ku goge wurin tas, ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin, ku mayar da fulogi, ku buɗe famfon, ku kunna gajeren wanki ba kaya a ciki, ku tsaya kuna lura. Idan bayan injin ne ke jiƙewa ko da a kashe yake, to tiyon shigar ruwa ne: ko dai bakinsa ya kwance, ko 'yar robar da ke cikinsa ta mutu. Robar ba ta da tsada a shaguna irin su Screwfix da B&Q, kuma da hannu ake ɗaure bakin, domin filaya tana fasa shi. Idan kuwa sai injin ya zo zubar da ruwa ake ganin ambaliya, tiyon fitar ruwa ne ya zame, ko bututun da yake shiga ya toshe.

Yoyon gaba shi ya fi yawa a gidajenmu, kuma sau da dama daga garin sabulu ne. Mun saba da omo mai kumfa, har muna ganin wankin da bai yi kumfa ba bai fita ba, amma injin mai ƙofa a gaba sabulu mai ƙarancin kumfa yake so, gwargwadon awon da aka rubuta a kwalin. Idan aka zabga, kumfar takan taso ta aljihun sabulu ta gangaro ƙasa. A Landan da kewayenta ruwan famfo yana da farar ƙasa, wadda ke daskarewa a aljihun, saboda haka ku riƙa zaro shi kuna wankewa. Ku kuma ɗaga leɓen robar ƙofa ku shafa a hankali, domin fil ɗin hijabi guda ɗaya ya isa ya huda ta.

A ƙasan injin ta gaba akwai wata 'yar ƙofa da ke ɓoye matatar ruwa. Ku ajiye tire da tsohon tawul kafin ku murɗe ta sannu-sannu, domin ruwa zai fito, kuma kada ku taɓa ta sai ruwan ya huce. Ranar da na buɗe tamu na tarar da kwandala biyu da maɓallin kaftani, duk gashi ya nannaɗe su. Bayan an tsabtace ta a mayar a ɗaure sosai, in ba haka ba ita ma za ta yi yoyo.

Idan ruwan daga tsakiyar ƙasan injin yake tsiyaya, ina roƙonku kada ku kwance murfinsa, musamman in na mai gida ne. Ku ɗauki hoto, ku aika wa mai gidan ko wakilinsa saƙon imel a ranar, ku duba abin da yarjejeniyar haya ta ce game da gyaran kayan gida. Wannan saƙon shi ne shaidarku idan aka zo cire kuɗin ɓarna daga kuɗin ajiyarku ranar tashi.