Yadda ake rabon 'yan mata a ƙungiyoyin sororiti na jami'o'in Amurka, da abin da za ki yi in kin je

Ɗiyar yayata ta samu bak ɗinta nan Maraɗi, Allah ya buɗa mata hanya ta tafi karatu Amurka, ba ta yi wata uku ba ta kira ni a WhatsApp cikin dare tana cewa Tanti wani abu ake shirin yi nan wai shi rosh, 'yan ɗakinmu duk sun rubuta suna ni kuma na rasa gane kanshi. Toh rosh ɗin nan shi ne hidimar ɗaukar sabbin 'yan mata cikin ƙungiyoyin sororiti, tare muka bi abin daki-daki har ta gama, shi ya sa na ce bari in rubuta ma duk yarinyar da za ta tafi da kuma uwar da za a kira cikin dare kamar yadda aka kira ni.

Sororiti ƙungiya ce ta ɗalibai mata zalla, kowace da sunanta na harufan Girka, wasu har gida gare su kusa da jami'a inda 'yan ƙungiya ke kwana su ci abinci tare. Mu nan mun san haɗin kan mata, Mata Masu Dubara ma ai a yankin Maraɗi ta faro a 1991, to amma can ba wai ki zo ki zuba kuɗi ki shiga ba ne, sai kin so su kuma sun so ki, kamar maganar aure dai. Manyan ƙungiyoyin guda 26 ne ƙarƙashin uwa ɗaya, National Panhellenic Conference, wadda aka kafa a 1902, ita ke shimfiɗa dokar rabon.

Farko ki rubuta suna da wuri a intanet ki biya kuɗin rajista. Wasu jami'o'in suna yin abin a watan Agusta tun ba a fara karatu ba, kamar ta Alabama da ta cika TikTok a 2021, wasu kuma sai Janairu. Za a haɗa ki da wata babbar ɗaliba mai yi maki jagora, a wurare da yawa ana ce mata Rho Gamma, ita ma 'yar ƙungiya ce amma ta ɓoye wadda take ciki har a gama don kar ta ja ki gidansu. Ki riƙe ta da kyau, duk abin da ya shige maki duhu ita za ki tambaya.

Daga nan sai zagaye. Ranar farko kowane gida za ki shiga a gaisa, zagaye na gaba a nuna maki aikin taimakon da suke yi, na bayanshi a yi maganar zaman tare da kuɗin da ake biya. Kullum in an tashi ke ki jera gidajen yadda kike son su, su ma su rubuta wa suke so ta dawo, kwamfuta ta haɗa biyun ta fiddo maki jerin inda za ki gobe, kuma jerin raguwa yake yi kullum. Nan ne ake kuka wallahi. Yarinyarmu gidan da ta ƙwallafa ma rai bai sake kiranta ba tun zagaye na biyu, ta ce Tanti ko don kallabina ne ko don Turancina. Ni dai abin da na ce mata akwai tsarin da uwar ƙungiyoyin ta kawo tun 2003 wanda ke tilasta ma gidajen da kowa ke rububi su saki 'yan mata da yawa tun da wuri, don kar a riƙe mutum da sa rai har ƙarshe sannan a bar ta ba nan ba can. Sakin da wuri da ciwo amma ya bar maki lokacin duba sauran.

Daren ƙarshe shi ne maganar duka. Galibi gida biyu suka rage maki, kin fito sai a ba ki takarda ana ce mata MRABA ki rubuta zaɓinki bi da bi ki sa hannu. Ga yadda rabon ke tafiya, a ce misali 'yan mata 300 suka sa hannu gidaje kuma 10 ne, kowane gida kasonshi wajen 30 ke nan. Kowane gida ya riga ya miƙa jeri biyu, na farko mutum 30 ɗin da ya fi so, na biyu sauran da suka zo daren nan an jera su daga sama zuwa ƙasa. Kwamfuta sai ta duba zaɓinki na ɗaya, in kina cikin jerinsu na farko shi ke nan an ɗaura. In kina na biyu sai a jira, duk sanda wata ta jerin farko ta tafi wani gida da ta fi so sai gurbi ya buɗe sunan ƙasa ya hau, haka ake ta yi har gidan ya cika. Sai ya cika ba ki shiga ba sannan ake komawa kan zaɓinki na biyu. Masana tattalin arziki biyu, Susan Mongell da Alvin Roth, sun yi nazarin wannan rabo a 1991, Roth ɗin nan kuma shi ya samu kyautar Nobel a 2012 kan ilimin haɗa ɓangare biyu irin wannan.

Kin ga ke nan rubuta gida na biyu bai rage maki komai a na ɗaya, gidajen ma ba su ganin yadda kika jera. Amma 'yan mata da yawa sai su rubuta ɗaya tak wai don a ga da gaske suke, alhali ba mai gani. Wadda ta je duk inda aka gayyace ta kuma ta rubuta duka gidajen daren ƙarshe, ko kaso ya cika ana iya ƙara ta a kai, mai rubuta ɗaya ba ta da wannan gata. Ta ɗaya gefen kuma kar ki rubuta gidan da kin san ranki bai kwanta da shi ba, don sa hannun nan alkawari ne, in aka ba ki gidan da kika rubuta kika ƙi, sai kin jira babban rabo na gaba wajen shekara guda kafin ki nemi wani.

Abin da na fi damuwa da shi a matsayina na uwa, ki yi tambaya tun a zagaye ba kunya. Nawa ake biya kowane zango, don kuɗin ba kaɗan ba ne kuma burs ɗinki wataƙila bai ɗauke shi ba. Dokar uwar ƙungiya ta hana giya cikin gidajen amma akwai bukukuwa a waje da samari, ki ji ko dole ne zuwa. Ki faɗi maganar sallah da azumi da suturarki, yadda suka amsa ya ishe ki sanin inda za ki sa su a jeri. Ki kuma sani ƙungiyoyin baƙar fata irin su Alpha Kappa Alpha da aka kafa a jami'ar Howard a 1908 ba sa cikin wannan rabo, hanyar ɗaukarsu daban ce, sai ki neme su da kanki.

In ba ki samu ko ɗaya ba ana iya kiran ki kafin a buɗe sakamako daga gidan da bai cika ba, bayan nan ma gidajen da ke da gurbi suna ci gaba da ɗauka cikin shekara ba tare da wannan hidima ba.

Tamu dai biyu ta rubuta. Washegari aka miƙa masu ambulan suka buɗe lokaci guda, na biyun ta samu, ta kira ni ina jin ihun 'yan mata a bayanta tana cewa Tanti ki faɗa ma Mama gidan da suka tambaye ni lokutan da nike yin sallah ne.