Darasi na 9: Duba Tsohon Jirgin Kamun Kifi Kafin a Biya Kuɗi

Ku fara karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sau uku-uku, sannan ku rubuta su a littafinku: jirgi, yoyo, katako, ƙusa, tsatsa, farfela, fulogi, shaida. Ku lura da ƙ mai lanƙwasa a cikin ƙusa. Wanda ya manta lanƙwasar, kusa ya rubuta, wato kishiyar nesa.

Karatu

Sabon jirgi da sabon inji sun fi ƙarfin aljihun masunta da yawa. Shi ya sa a bakin ruwan Yawuri da Malale, haka ma a Tafkin Chadi, za ka ga ana cinikin jirgin hannu. Sayen na hannu ba laifi ba ne. Inda matsalar take shi ne a saya jirgin yana zaune cikin ruwa. Rabin jikinsa a nutse yake, kuma a wannan rabin ne aibinsa yake ɓuya. Cinikin biri a sama ke nan.

Ni ma na taɓa yin wannan ciniki. Jirgin ya sha shuɗin fenti, har da zanen kifi a goshinsa. Na zagaya shi sau biyu, na buga gefensa da tafin hannu kamar wanda ya san abin da yake yi, na biya. Mako uku bayan haka allon baya, inda ake ɗaura inji, ya fara motsi kamar haƙorin tsoho. Ashe katakon ya ruɓe daga ciki, fentin ne kawai yake rufa masa asiri. Da na tashi sayen na biyu sai na tafi da kawuna, wanda sana'arsa ke nan, haɗa jiragen katako.

Muna isa ya gaisa da mai jirgi, ya tambayi iyali da ruwa, sannan ya ce, "Malam, a taimaka a jawo mana shi tudu."

Mai jirgi ya ce, "Haba Baba, ai ga shi kana gani. Jiya-jiya ya dawo daga su."

Kawu ya ce, "Bayansa nake gani, ɗana. Cikinsa nake son gani. Kuɗin yaran da za su ja, a wuyana."

Aka tara samari, aka jawo jirgin, aka kifa shi. Kayan aikin Kawu uku ne kacal: ƙaramar guduma, sukundireba da tocila. Ya fara daga goshi yana ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kunne. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙarfi, ƙwas-ƙwas. Ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dishe take, kamar an buga kabewa. Duk inda ya ji muryar ta sauya sai ya danna bakin sukundireba. Idan ƙarfen ya tsaya, ya wuce gaba. Idan ya shige kamar cikin dafaffen rogo, ya sa alama da gawayi. Kafin ya kai baya mun ƙirga alama huɗu.

Ruɓa tana son wuraren da ruwa yake kwana: ƙarƙashin haƙarƙarin jirgi, wato sandunan da suke riƙe katakai ta ciki, da kusurwar da allon baya ya haɗu da ƙasa, da ƙarƙashin wurin zama. Nan ne aikin tocila. Ka kuma duba kan ƙusoshi. Idan ka ga jan layin tsatsa yana gangarowa daga kan ƙusa, ko katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi, ka roƙi a zare maka guda ɗaya. Sau da yawa kan ƙusar lafiya lau, amma jikinta ya cinye ya koma kamar allura. Jirgin da ƙusoshinsa suka zama haka ba yoyo kaɗai zai yi ba, katako zai iya ɓallewa gaba ɗaya ranar da igiyar ruwa ta yi ƙarfi. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya dare a tsakiyar ruwa da mutane fiye da ɗari a ciki, kaɗan ne suka tsira. Jirgin fasinja ne, amma katako da ƙusa iri ɗaya ne da na jirgin kamun kifi.

Faci ba abin tsoro ba ne. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturansu suna nan a ƙasa, kuma da wuya ka sami tsohon jirgin da bai taɓa karo da ɗaya ba. Abin dubawa shi ne yadda aka yi facin. Wanda aka cire katakon da ya fashe aka sa sabo, gyara ne. Wanda aka manna falle na kwano aka shafe da kwalta, ɓoyo ne, ka sa a ɗaga. Ka tambayi irin icen ma. Maɗaci da kawo suna jure ruwa. Farin katako mai sauƙin nauyi ba ya daɗewa, komai kyansa a ido.

Akwai maganar da masu sayarwa suke yawan yi, kuma da gaskiya a cikinta. Za su ce jirgin ya daɗe a tudu ne, katakon ya bushe, in ya sha ruwa zai kumbura yoyon ya tsaya. Haka katako yake. To sai ka ba shi kwana biyu ko uku a ruwa. Ranar ƙarshe da yamma ka kwarfe ruwan cikinsa da hannunka har ya ƙare, ka dawo da asuba kafin mai shi ya riga ka. Ruwan da ka tarar, shi ne gaskiyar jirgin. In ya jiƙa tafin ƙafa kawai, da sauƙi. In ya kai idon sawu, to kullum da yaron kwarfa za ka riƙa fita.

Idan jirgin na faiba ne, kada ka ce ai roba ba ta ruɓewa. A yawancin tsofaffin jiragen faiba akwai katako a ɓoye cikin allon baya da ƙarƙashin daɓen da ake takawa. Ruwa yana shiga ta ramukan noti ya ruɓar da shi, waje kuwa sumul, kyan ɗan maciji. Ka ɗaga ƙafar injin, wato ɓangarensa da yake shiga ruwa, sama, ka danna ta ƙasa da ƙarfinka, wani ya tsaya yana kallon allon. Bai kamata ya lanƙwashe ko kaɗan ba. Ka duba ko ruwa mai launin ƙasa yana tsattsafowa daga gindin notuna. Ka taka ko'ina a daɓen, ka ji ko akwai inda yake lotsawa. A ƙasan jirgin kuma ka nemi ƙuraje, wato kumburin da ruwa yake yi a ƙarƙashin fatar faiba. 'Yan ƙanana kaɗan ana gyara su. Masu faɗin tafin hannu suna nufin aiki mai tsada.

Wannan dabara ba ta mutanen kogi kaɗai ba ce. A Amurka, musamman jihar Fulorida, akwai masu hali da suke fita teku kamun kifi da fatsa don nishaɗi kawai. Wani samfurin jirginsu mai suna Bertram 31 tun 1961 aka fara sayar da shi, har yau kuma tsofaffinsa suna canza hannu. Mai saye a can yakan biya gwani na musamman, a ɗaga jirgin daga ruwa da na'ura, gwanin ya bi jikinsa da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Da na ba Kawu wannan labari dariya ya yi, ya ce ashe ya daɗe yana aikin Turawa a kyauta.

Inji

Sau da yawa injin ya fi jirgin kuɗi, don haka a nan za mu daɗe. Ka tafi da makaniken da ya saba da injin jirgi, ba na babur ba, kuma kai za ka biya shi, ba mai sayarwa ba.

Ka iso da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin kafin a taɓa igiya. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi don kada ka ga wahalar tashinsa. Ka ce za ka dawo gobe. Inji mai lafiya yana tashi da sanyinsa a ja biyu ko uku. Amma kada a tayar maka da shi a tudu ba ruwa, ko da na ɗan lokaci ne. A cikin ƙafarsa akwai robar famfo mai tura ruwan sanyaya inji, kuma in ta juya a bushe nan da nan take ƙonewa. Ko dai a jikin jirgi cikin kogi, ko a tsoma ƙafar cikin duro.

Da ya tashi, ka duba bayansa. Akwai siririn ruwa da yake fitowa ta wata 'yar kafa, makanikai suna ce masa fitsari. Ya kamata ya fito da ƙarfi, ba ya yankewa. In yana ɗiga-ɗiga ko babu shi, a kashe injin.

Sai makanike ya kwance fulogi. Mai launin ƙasa-ƙasa alama ce mai kyau. Idan ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi alhali ɗan'uwansa yana da datti, ko ka ga tsatsa a bakinsa, ruwa yana shiga silinda. A ramin fulogin ne kuma ake ɗaura agogon gwada matsi. Kai da ka iya karanta lamba yanzu, ka karanta da idonka, ka rubuta. Bai kamata bambancin silinda biyu ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. In ɗaya ta nuna 120, ɗayar ta nuna 90, injin yana neman a buɗe shi.

A can ƙasa kusa da farfela akwai sukurun man giyabos. A sassauta shi kaɗan, mai ya ɗigo a farar takarda. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In ka murza ka ji ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran ciki suna cin juna. Ka sa a cire farfela ma. A jirgin kamun kifi, kusan kullum za ka tarar da zaren koma ya nannaɗe a sandar, kuma shi ne yake yanka robar da take hana ruwa shiga. Ka juya sandar da hannu ka ga ko ta karkace.

Injin da ya yi aiki a teku, kamar na Legas, gishiri yana cinsa. Za ka ga farin gari a gindin notuna, wasu ma sun ƙi kwantuwa. Ka kuma auna tsayin allon bayanka kafin ka sayi inji dabam da jirgi, domin ƙafar inji iri-iri ce: gajera ta allo mai inci 15, doguwa ta mai inci 20.

Bayan duk wannan sai gwaji a ruwa, kuma ba jirgi fayau ba. Ka loda masa taru da mutane gwargwadon yadda za ka riƙa fita aiki. A yi tafiyar rabin awa aƙalla, a buɗe wuta, a rage, a sa gaba, a sa baya, a kashe a tsakiyar ruwa a sake tayarwa da zafinsa. Kowa da rigar ruwa a jikinsa.

Takarda

Ana satar injin jirgi sosai, saboda mutum biyu suna iya kwance shi su ɗauka. Kowane inji, Yamaha ne ko Suzuki, yana da lamba a jikin maƙalar da take kama allo. Ka karanta ta, ka gwada da ta rasit. In an kankare lambar, ka bar injin komai arharsa. Idan jirgin yana da rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa mai hedikwata a Lakwaja, ka karɓi takardar. A yi ciniki gaban Sarkin Ruwa ko wakilinsa da shaidu biyu. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama dubawa. La'adar dillali kuma a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya.

Lissafi

Kuɗin da ke nan na misali ne. An yi wa jirgi da injinsa kuɗi naira 1,800,000. Kafinta ya ce za a sauya katako 4, kowanne naira 15,000, ƙusa da kwalta 20,000, ladan aikinsa 30,000. Makanike ya ce robar famfo da man giyabos da aiki 40,000. Nawa ne kuɗin gyara duka? In za ka cire shi daga kuɗin jirgin, nawa za ka taya?

Na biyu. Injin da ake gauraya wa mai da fetur, da yawansu suna son lita 1 ta man inji a cikin lita 50 ta fetur. Tankin lita 25 rabin lita yake ci ke nan. Lita nawa ta mai za a zuba a fetur lita 100?

Rubutu

Kowa ya rubuta takardar ciniki da hannunsa. Ka fara da kwanan wata, sannan ka rubuta: "Ni, wane ɗan wane, na sayar wa wane jirgina na katako mai tsawon ƙafa kaza, da inji mai lamba kaza, a kan naira kaza." A ƙasa ka rubuta aibin da mai jirgi ya faɗa da bakinsa, ko da guda ɗaya ne, ka bar layi huɗu na sa hannu: mai sayarwa, mai saye da shaidu biyu. Wanda yake da inji a gida ko a maƙwabta ya kwafo lambarsa ya zo da ita mako mai zuwa, za mu karanta su a allo.