Babi na 6: An ɗaura kuloci, giya ta ƙi shiga

Darasi na 1: San kayan aikinka

Sannu da ƙoƙari. Wannan babin kan kuloci mai aiki da man birki ne, ba mai waya ba. Ka ɗaura sabon kaya, ka taka feda, sai ka ji ta da taushi kamar burodi, giya kuma ta ƙi shiga ko ta shiga da gurnani. Kada ka yi saurin cewa an sayar maka da jabu. Galibi iska ce ta maƙale a bututu. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, sai ta cinye ƙarfin ƙafarka kafin ya isa ƙasa.

Ɗaga bonet. Kulocin sama yana jikin bangon da ke bayan feda. Bi bututunsa da yatsa har jikin giyabos, nan kulocin ƙasa yake. A jikinsa akwai ɗan noti mai huji da hular roba. Shi ne notin iska, kuma sama ya kamata ya kalla.

Karanta murfin robar mai, wato ƙaramar robar da ake zuba man birki a ciki, a hankali: D, O, T, sai lamba 3 ko 4. Abin da aka rubuta shi za ka saya. Kada ka zuba DOT 5. Kada ka zuba man inji ko man giya, suna kumbura robobin ciki. A jikin robar akwai layi biyu. Na sama an rubuta MAX, na ƙasa MIN. Cika zuwa na sama. In ya ɗiga a fenti, wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Darasi na 2: Fitar da iska

Aikin mutum biyu ne, Oga a ƙasa, yaro a kujerar direba. A kashe inji, a ja birkin hannu. In an ɗaga mota, a tokare ta da kyau, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Nemi sifana daidai notin, yawanci lamba 8 ko 10, da siririn tiyo mai nuna ciki, da tsaftatacciyar kwalba. Kan tiyo ɗaya a bakin noti, ɗayan a nutse cikin ɗan mai a kwalba.

Taka. Riƙe. Buɗe. Rufe. Saki.

Sake karantawa da ƙarfi. Wace kalma ce ta zo kafin "saki"? Rufe. Madalla.

"Taka sau uku, ka riƙe a ƙasa."
"Na riƙe, Oga."
Oga ya kwance noti kaɗan, kamar kwatan zagaye. Mai ya feso da kumfa. Oga ya ɗaure.
"Na rufe. Saki."
Sai yanzu yaro zai ɗaga ƙafa, a hankali. In fedar ta kwanta, ya ɗago ta da hannu.

In ƙafa ta tashi noti yana buɗe, kulocin zai zuƙo iska ta hujin nan, duk wahalarku ta tashi a banza. A rufe, sannan a saki. Ba komai in ka rikice da farko, kowa da haka ya fara. Rubuta kalmomin biyar a kwali, ka jingina a gaban sitiyari.

Bayan zagaye uku ko huɗu, tashi ka leƙa robar mai. Ƙaramar roba ce, nan da nan take ƙarewa, kuma in ta bushe iska ta shiga ta sama. Mota irin Golf 4 roba ɗaya take rabawa da birki, bakin bututun kuloci a jikin robar kuma yana sama da na birki, saboda haka ko da ka ga mai a ciki, kuloci yana iya shan iska. Riƙe shi a MAX. Wanda ya fito a kwalba ba a mayar da shi.

A ci gaba: taka, riƙe, buɗe, rufe, saki, har mai ya fito babu kumfa ko ɗaya.

To, bari in faɗa muku gaskiya. Na sha tsayawa a kan manyan mutane masu iyali, an maimaita har murya ta dushe, amma Oga na taɓa noti sai yaro ya cire ƙafa, wai ta gaji, ko waya ta yi ƙara a aljihu. Haba! Wayar ba za ta jira ba? Kai ma Oga, buɗe baki ka ce "na rufe". Gyaɗa kai a ƙarƙashin mota wa zai gani? Ba a saki sai an ji "na rufe". Ba a saki sai an rufe.

Darasi na 3: Sandar feda

Iska ta fita, matsala ba ta tafi ba? Leƙa bayan feda, akwai sanda mai noti. Danna feda da yatsa. Ya kamata ta yi ɗan wasa kafin ta yi tauri, a yawancin Toyota milimita 5 zuwa 15. In sanda ta yi gajarta, giya ba ta shiga sosai. In ta yi tsawo, mai ba ya komawa roba, kuloci ya riƙa sulɓi in mota ta yi zafi. Sassauta noti, juya sanda kaɗan, ɗaure.

Darasi na 4: Yoyo

Shafa bayan feda da bakin kowane bututu. In hannunka ya jiƙe, ɗaure ko canja. In feda tana nutsewa a hankali ba tare da yoyo ba, robar cikin kulocin sama ce.

Darasi na 5: Faifai a juye

Feda ta yi tauri, sandar kulocin ƙasa tana motsi sosai, giya dai ta ƙi. Mai yiwuwa an sa faifan kuloci a juye. Sai an sauke giyabos.

Aikin gida: rubuta kalmomi biyar na Darasi na 2, a jere, sau 10.